Tsohon RX 580 a Zafin Kano: Littafin Aiki na Mako Goma

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Yau na kawo gida katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoton da ke fita a allo. RX 580 ne mai memori gigabait 8, na hannu, naira 135,000 bayan dogon ciniki. Ba don wasa kawai na saye shi ba. Bidiyon biki nake tace wa mutane, kuma kowa ya san yadda ɗaurin aure ke cunkushewa a makonnin da ke gab da azumi. Kwamfutata mai furosesa i7-4790 ce da ram gigabait 16, duk shekarun nan da ɗan HD 4600 da ke cikin furosesa take nuna hoto. Da na fara koyon DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo, sai kwamfutar ta nuna min iyakarta: in ja bidiyo gaba, in zauna jiran hoto ya biyo baya.

Kafin in biya kuɗi na sa an buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a shagon. Adadin ƙananan injinan lissafin cif ɗin nake son gani, domin akwai wani samfuri da aka yi wa kasuwar Sin mai suna RX 580 2048SP, wanda a zahiri ɗan'uwan RX 570 ne. Na ainihin, wanda ya fito a Afrilun 2017, yana da 2304. Nawa ya nuna 2304, hankalina ya kwanta.

Da dare na ɗaura shi, na saka direban AMD, wato manhajar kamfanin da ya yi cif ɗin, wadda Windows ke sarrafa katin da ita. Kwamfuta ta tashi, amma gumaka manya-manya, hoto a baje. Na duba jerin kayan aiki na Windows, sai ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kan katin, da lambar kuskure 43, wato Windows ya dakatar da shi. A shago lafiya lau ya yi aiki. Na kashe, na kwanta da abin a raina.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na gano bakin zaren. Katin nan ya yi aikin haƙar kirifto. Har zuwa 15 ga Satumba, 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da tsarin haƙa, RX 570 da RX 580 suna cikin katunan da masu mainin suka fi jerawa, dare da rana ba hutu. Da harkar ta mutu aka zubo su kasuwannin duniya, shi ya sa muke samun su da sauƙi. Masu haƙar sukan taɓa BIOS na katin, wato 'yar manhajar da ke cikinsa mai riƙe da saitinsa, su matse lokutan da memori ke ɗauka wajen amsawa don lissafi ya ƙara gudu. Shi kuwa direba yakan duba sa-hannun BIOS, in ya ga an taɓa sai ya ƙi ɗaukar katin. Kwamfutar shagon tana da direban da aka yi wa faci don ya kau da kai, tawa ba ta da shi.

Na kira mai shagon. Ya ce, "Malam, ka kawo a sa maka facin nan, minti biyar ne." Na ce masa facin ba ya cire ciwon, rufe shi kawai yake yi, duk ranar da na sabunta direba sai na sake, kuma memorin zai ci gaba da gudu a kan saitin da ba don hoto aka yi shi ba. Ya ce in ina so in dawo da shi a canja min. Na yi tunani: wanda za a ba ni ma daga kwali ɗaya ya fito. Gara wanda na riga na san matsalarsa.

Shawara: zan mayar masa da BIOS na asali.

Talata, 28 ga Janairu

Na samo fayil ɗin a rumbun BIOS na TechPowerUp. Abu uku na daidaita kafin in sauke: samfurin katin daidai da rubutun takardar da ke manne a bayansa, girman memori, da kamfanin da ya ƙera memorin. Katin iri ɗaya kan zo da memorin Samsung ko Hynix ko Micron, kuma dole BIOS ya san wanda ke kan naka. GPU-Z na nuna shi. Na kuma ajiye kwafin wanda ke kan katin yanzu a filas da kuma waya.

Ban rubuta ba. Sau huɗu aka ɗauke wuta yau. Katina ba shi da ɗan makunnin BIOS na biyu da wasu ke da shi, in wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu zai iya zama ƙarfe kawai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na ɗora kwamfutar a adaidaita sahu zuwa gidan abokina mai sola da inbata. Na mayar da wayar monita kan babban bod na kwamfutar, wato HD 4600 ke nuna hoto, don ko abu ya lalace in ga abin da nake yi. Wannan ɗan hoton da na raina shi ne garkuwata yau.

Da AMDVBFlash, manhajar rubuta BIOS a kan kati, na yi aikin. Manhajar takan ƙi rubutawa in lambar shaidar fayil ba ta dace da ta katin ba, kuma akwai umarnin tilasta mata. Na riga na yanke cewa in ta ƙi, zan tsaya, ba zan tilasta ba. Ba ta ƙi ba. Fayil ɗin kilobait 256 ne, 'yan daƙiƙu ya ɗauka, amma ban saki numfashi ba sai da ta ce a sake kunna kwamfuta.

Daga nan na shiga yanayin kariya na Windows, na cire intanet, na share duk ragowar direba da manhajar DDU, sannan na saka sabo. Lamba 43 ta tafi. Cif yana nuna 1340 MHz, memori 2000 MHz. Alhamdu lillahi.

Ga wanda zai sauke direba: tun ƙarshen 2023 AMD ta ware wa tsofaffin iyalan katunanta, Polaris (inda RX 580 yake) da Vega, nasu reshen direba daban da na sababbin katuna. A zaɓi RX 580 da hannu a shafinsu, kada a ɗauko na RX 7000 a ce ai duk ɗaya ne.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Gwajin farko, ban taɓa komai ba. Unigine Heaven, manhajar da ke ɗora wa kati kaya don gwaji, minti 30. Zafin ɗaki digiri 24, ana sanyin hunturu, amma katin ya kai 86, fankoki suna kuka kamar injin niƙa, gudun cif yana faɗowa daga 1340 zuwa wajen 1180 yana komawa. In haka yake a hunturu, me zai yi a Afrilu?

Wani abin kuma: GPU-Z ya nuna katin yana magana da bod ta layi 8 maimakon 16, ko da yana cikin aiki. Na zare shi, na goge haƙoran zinaren da sifirit, na hura ramin da bulawa. Ƙurar da ta fito ta isa a yi mamaki. Na mayar, ya koma layi 16.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Sayayya kawai. Man sanyaya 6,500, katifun roba masu jan zafi 9,000, sifirit da ɗan buroshi 1,500.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na buɗe katin, kuma yau na tafka kuskuren da ya kusa ja min asara.

Abin da na tarar: man da ke kan cif ya bushe ya zama kamar alli, sai da na jiƙa shi da sifirit na daɗe ina murzawa da auduga. Katifun da ke kan memori sun yi mai, sun marmashe. Tsakanin ganyen ƙarfen shan zafi kuwa ƙura ta dunƙule ta zama bargo, iska ba ta da hanyar wucewa. Na wanke ƙarfen, na shanya shi a rana awa biyu.

Kuskuren a kaurin katifa yake. Tsofaffin sun lalace har ban iya auna su ba, sai na ce mai kauri ai ya fi kama jiki, na sa na milimita 1.5 a kan duk memorin guda takwas. Na shafa mai, na ɗaure kusoshi, na kunna. Ko minti biyu Heaven bai yi ba zafi ya haura 90, fanka ta ƙure gudunta, na yi maza na kashe.

Da ya huce na sake buɗewa, sai man ya ba ni labari. Gefe ɗaya na cif ɗin ya baje sosai, ɗaya gefen yana nan tsibi kamar yadda na ɗiga shi, ƙarfe bai ko taɓa shi ba. Katifun sun yi kauri, sun ɗaga ƙarfen sama. Cif ɗin nan tsirara yake, ba shi da murfin ƙarfe irin na furosesa, duk kusurwar da ba ta taɓa ƙarfe ba tana ƙuna ita kaɗai, kuma ba lallai ma'aunin zafi ya nuna hakan da wuri ba. Ƙara ɗaure kusa da ƙarfi ba mafita ba ce, sai dai a lanƙwasa bod ko a fasa gefen cif.

Magariba ta yi, na bar shi a buɗe, na rufe da tsumma mai tsabta.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

A cikin kwalin akwai na milimita 1, da shi na sake. Wannan karon na ɗaura ƙarfen, na sake kwancewa don in ga shatin man kafin in yarda. Ya baje ko'ina daidai. Na goge, na shimfiɗa sabo siriri har kusurwa huɗu, na ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Heaven minti 30: digiri 71, gudu ya tsaya cak a 1340, ƙarar fanka ta ragu da kusan rabi a kunnena. Digiri 15 ke nan daga mai da shara kawai, ban taɓa saiti ko ɗaya ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Rana mai nauyi. Ina fitar da bidiyon kamu da yinin biki mai tsawon minti 48, an kai kashi 70 cikin ɗari, kwamfuta ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta. Ba shuɗin allo, ba saƙo. Na ɗauka wuta ce ta yi ƙasa, amma fitilar ɗaki ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na sake, ta sake mutuwa, wannan karon da wuri. A littafin abubuwan da suka faru na Windows, Kernel-Power lamba 41 kawai na gani, wanda ba ya faɗin komai sai cewa an mutu ba shiri.

Yayar amarya ta kira sau uku. Na ba ta haƙuri, na cire katin, na fitar da bidiyon da furosesa kaɗai. Sai bayan ƙarfe biyun dare ya gama.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai wa wani dattijon mai gyara da na daɗe da sani. Bai ko kunna ta ba. Ya buɗe murfi, ya bi wayar da ke shiga katin da yatsa, ya ce, "Ɗana, wa ya haɗa maka wannan?" Na ce ni ne, Baba. Fawa-fak ɗina, wato akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar, ba shi da filogi mai baki 8 da katin ke buƙata, sai na yi amfani da 'yar wayar canji da aka ba ni kyauta tare da katin, mai ɗaukar wuta daga filogin SATA. Ya zare ta ya nuna min: robar ta fara canja launi, tana warin ƙuna.

Ya yi min lissafin a bayan kwali. An ƙiyasta RX 580 a kan wat 185. Ramin bod yana ba da 75, filogi mai baki 8 an yi shi don 150. Filogin SATA kuwa abin da aka tsara masa a layin bolt 12 bai wuce wat 54 ba. Sannan ya juya fawa-fak ɗin ya ce in karanta takardar jikinsa. An rubuta 500 da manyan baƙaƙe, amma a layin bolt 12, inda kati da furosesa duk suke sha, amfiya 18 ne kawai. 18 sau 12, wat 216. Furosesata kaɗai tana iya neman 84. Ya ce, "Ba katin ne ke kashe ta ba, yunwa ce. Ka gode wa Allah da mutuwa take yi, ba kamawa da wuta ba."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gyaran zafin da na yi ne ya fito da matsalar fili. Da can zafi na sa katin ya rage gudu, sai ya sha wuta kaɗan. Da ya samu sanyi ya tsaya a cikakken gudu, ga furosesa ita ma tana aiki lokacin fitar da bidiyo, sai fawa-fak ya durƙusa.

Sabo: wat 550, mai shaidar 80 Plus Bronze, amfiya 45 a bolt 12, da filoginsa mai baki 8 na kansa. Naira 68,000, ladan Baba 3,000. Kuɗin bai cikin lissafina, rabin ribar bukukuwa biyu ke nan, amma ba abin da zan yi jayayya a kansa ba ne.

Talata, 18 ga Fabrairu

Bidiyo uku sun fita lafiya. Irin wanda ya ci min dare, yanzu ƙasa da awa ɗaya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau na fara saitin da tun farko shi nake ɗoki: rage ƙarfin wutar da ke shiga cif.

A sashen daidaita aiki na Adrenalin, manhajar AMD mai zuwa tare da direba, wanda da ake kira WattMan, cif ɗin yana da matakai takwas, daga 0 zuwa 7. Na ƙasa 300 MHz ne na zaman banza, na sama 1340 a kan milibolt 1150. Masu ƙera kati sukan ba da wuta da rara, don ko cif mafi rauni a cikin dubbai ya tsaya da ƙafarsa. In naka yana da ɗan kyau, rarar nan zafi ce kawai. Kuma wutar da cif ke ci tana tafiya ne da ƙarfin wuta sau kansa: saukowa daga 1150 zuwa 1050 ragin kusan kashi 9 ne cikin ɗari, amma a lissafi yana rage ci da kusan kashi 17.

Tsarina: milibolt 25 kowane mataki, Heaven minti 20, in rubuta, sannan in ƙara sauka. Ba na canja abu biyu lokaci guda. Kuma in na sauke mataki na 7, sai in duba na 6 da na 5 kada su fi shi yawan wuta.

1125, lafiya. 1100, lafiya. 1075, lafiya, digiri 66. 1050, lafiya. 1025, lafiya, digiri 63, GPU-Z na nuna cin cif ɗin ya sauko daga wajen wat 140 zuwa 108. A lura, wannan lambar ta cif ce kawai, ba ta haɗa da memori da sauran bod ɗin katin ba. A 1000 Heaven ya daskare a minti na shida, allo ya yi baƙi, ya dawo. Na koma 1025, na bar shi awa ɗaya, ya wuce. Makin gwajin bai ragu ba ko kaɗan.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na gwada ƙara gudun memori, tunda ana cewa Polaris na jin daɗinsa. 2100, maki ya ɗan hau. 2150, ya tsaya. 2200, ya sauka, alhali ban ga ɗigo ko zane ko ɗaya a allo ba.

HWiNFO, mai sa ido a kan kayan cikin kwamfuta, ya warware min. Yana da layin da ke ƙirga kurakuran memorin katin. A 2000 sifili ne. A 2100 'yan ɗaruruwa cikin minti 20. A 2200 lambar gudu take kamar mitar mai. Memorin GDDR5 yana gane in saƙo ya lalace a hanya, sai ya sake aikawa. Ido ba ya ganin kuskuren, amma lokaci na tafiya wajen maimaitawa. Wanda ke duba allo kawai zai rantse komai lafiya.

Memorin da ya yi shekaru yana haƙa ba dare ba rana, ban ga dalilin ƙara masa kaya don ribar da ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Na mayar 2000, a nan zai zauna.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Aikin biki ya tsaya. Sanyi ya tafi, ɗaki 31 da rana. Ban taɓa komai ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Bayan tarawi na ji fanka na ihu kamar da. Na duba, milibolt 1150. Ashe da aka ɗauke wuta jiya kwamfuta na kunne, Adrenalin ya ɗauka saitina ne ya kashe ta, sai ya mayar da komai na asali. Dabara ce mai kyau, don kada mugun saiti ya hana mutum shiga kwamfutarsa, sai dai manhajar ba ta da hanyar bambance faɗuwar kati da ɗaukewar wuta. A unguwarmu kuwa wannan kusan kullum ne.

Na ajiye saitin a fayil, dannawa biyu ya dawo. Na kuma kashe saurin-tashi na Windows. Na yi tunanin komawa MSI Afterburner, mai ɗora saiti da kansa duk tashi, amma manhaja biyu a kan wuta ɗaya rigima ce. Zan riƙe ɗaya, in saba duba lambar kafin in fara aiki.

Laraba, 12 ga Maris

Autanmu ne ya kamo abin da gwaje-gwajena suka kasa. Yana hutun rana yana buga GTA V, ya leƙo ya ce, "Yaya, allon yana yin baƙi ya dawo, sai wasan ya fita." Sau biyu cikin kwana uku. Na tambaye shi daidai lokacin, ya ce ba a tsakiyar gudu da mota ba ne, sai in ya buɗe taswira ya rufe.

Wannan mutuwar daban take da ta Fabrairu. Waccan kwamfuta gaba ɗaya ke tafiya, alamar wuta. Wannan direba ne ke tsayawa ya farfaɗo, littafin Windows ya rubuta lamba 4101. Windows na ba katin daƙiƙa 2 ya amsa, in bai amsa ba sai ya sake tayar da direban. Na ga masu ba da shawarar a shiga rajistar Windows a ƙara TdrDelay, wato wannan lokacin jiran, zuwa daƙiƙa 10 ko fiye. Ban yarda da wannan ba a irin halin da nake ciki. Yana da amfani ga mai lissafi mai tsawo da ya san katinsa lafiya yake, amma katin da ya yi tuntuɓe don ƙarancin wuta, ƙara masa lokaci ba ya tashe shi, daskarewar ce kawai za ta daɗe.

Bayanin Auta ya nuna min inda matsalar take. Heaven kaya ɗaya yake ɗora wa katin daga farko har ƙarshe. Wasa kuwa sauka da hawa ne: a taswira katin na hutawa, a rufe ta ya yi tsalle zuwa mataki na 7 nan take, wuta ta ɗan nutse, kuma a 1025 babu rarar da za ta tare. Ga shi ɗaki ya ƙara digiri goma a kan ranar da na yi gwajin, cif mai zafi kuma ya fi buƙatar wuta.

Sabon saiti: 1300 MHz a kan 1050. Na sadaukar da 40 MHz, kashi 3 cikin ɗari, na ƙara milibolt 25.

Tunda na zauna, na gyara masa wasan. Monitarmu 1080p ce mai 60 Hz, duk hoton da ya haura 60 a daƙiƙa zafi ne a banza, sai na kafa iyaka a 60. A hanyoyin gyara gefen hoto na kashe mai nauyi, MSAA, na bar mara nauyi, FXAA, na sauke ciyawa daga ƙololuwa zuwa mataki biyu ƙasa, na bar ingancin fatar abubuwa a sama tunda memori gigabait 8 ne, wannan ba ya cin gudu in akwai wuri. Na kunna Radeon Image Sharpening kaɗan don ya mayar da kaifin da FXAA ke dusarwa. Auta ya ce bai ga bambanci ba sai a cikin daji, can ma wasan ya daina tsinkewa.

Lahadi, 16 ga Maris

Kwana huɗu ba 4101. Na ce wa Auta ya riƙa rubuta min rana da lokaci in ya ga wani abu.

Asabar, 22 ga Maris

Zafi ya sauka sosai. Ƙarfe uku na rana ma'aunin ɗaki ya nuna 37, katin ya koma 78 a wasa. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kati ma sai ya ƙara shi, babu saitin da ke canja wannan.

Abu biyu na yi. Na farko, na kashe tsarin da ke tsayar da fanka gaba ɗaya in katin ba ya aiki. A ƙasar sanyi yana da daɗi, a nan kuwa katin na zaune a 52 ba ya komai, memori da sassan wuta suna dahuwa a hankali. Na zana layin fanka da hannu: kashi 30 tun daga farko, 50 a digiri 60, 70 a digiri 72, 85 a digiri 80. Na biyu, akwatin kansa. Fanka ɗaya ce a baya, gaba babu. Na sayo biyu masu milimita 120, naira 5,000 kowace, na ɗaura a gaba suna shigo da iska, na yanko tsohon gidan sauro na yi musu matata. Wasu na cire murfin gefe su kafa fankar ɗaki. Yana sanyaya, amma a garin nan wata ɗaya ya isa bargon ƙurar nan ya dawo.

Sakamako: 72 a ɗaki mai 37. Sai dai yanzu da fankokin katin ke juyawa kullum, na fara jin ɗaya tana karkarwa a ƙaramin gudu. Na tsayar da ita da yatsa a hankali, ƙarar ta ɗauke. Gindinta ya gaji.

Alhamis, 27 ga Maris

Fankokin katin sun iso, biyu naira 14,000. Na auna faɗin da tazarar kusoshi kafin in yi oda, na kuma ƙirga bakin filogi, huɗu ne. Ban buƙaci ɗaga ƙarfen shan zafi ba, man bai motsa ba. Shiru.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, aiki ya dawo da ƙarfi: bidiyon hawa da wani ya ɗauka da waya a 4K, da biki biyu. A Resolve na tabbatar an zaɓi OpenCL, hanyar da manhajar ke ba katin aiki, da katin kansa, na bar teburin tacewa a 1080p, na yi wa fayilolin 4K ƙananan kwafi na aiki, sai wajen fitarwa a koma na asali. Da haka ja da baya da gaba yana tafiya sumul. Gyaran launi hawa uku-huɗu ba ya damun katin. Abin da ke durƙusar da shi shi ne in na jibga tasiri masu nauyi a kan 4K kai tsaye, kuma wannan iyakar shekarunsa ce, ba ta saiti ba.

Wani abu da na lura da shi a gefe: in ana kallon YouTube a 4K furosesa ce ke haƙilo, katin na zaune. Polaris na warware bidiyo mai tsarin H.264 da HEVC da kansa, amma ba shi da cikakken injin VP9, balle AV1, waɗanda YouTube ke amfani da su a 4K. A monita 1080p ba asarar komai, na mayar da kallo 1080p.

Fitarwa mafi tsawo jiya awa ɗaya da minti goma, da tsakar rana, ɗaki 39, kati 74, kurakuran memori sifili.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kwana 24 ke nan tun saitin 12 ga Maris, ba 4101, ba lamba 41 sai ta ɗaukewar wuta. Inda aka tsaya: BIOS na asali, cif 1300 MHz a milibolt 1050, memori 2000, iyakar wuta ban taɓa ba, fanka a layin hannu, wasa a 60. Kuɗin da ya tafi gaba ɗaya naira 247,000, wato 112,000 a kan kuɗin katin, kuma fiye da rabin wannan ƙarin fawa-fak ne.

Na cire matatar gidan sauron na wanke, mako biyu kawai amma ta yi ja. Zan riƙa yi duk Juma'a.

Abin da ke gaba: UPS, ko da mai riƙe minti goma ne, don in samu damar ajiye aiki in kashe da hannuna, saitin ma ya daina gogewa. Na fara tambayar farashi, ina neman wanda zai ɗauki wat 400 na gaske. Sai maganar Windows 10, da aka sa ranar ƙarewar tallafinsa 14 ga Oktoba, 2025. I7-4790 ba ta cikin jerin Windows 11, don haka bod da furosesa ne za su canja, katin zai bi ni. Idan damina ta sauka ɗaki ya dawo ƙasa da 30, zan sake gwada 1340 a kan 1075, kuma wannan karon Auta ne zai yi gwajin, mako guda cur, da taswirarsa.